Inda Motar Ta Lotsa

Madubin ya sake kuɓuce wa hantsakin, karo na uku ke nan, ya faɗa kan farin ƙyallen da ta shimfiɗa a teburin. Girmansa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta ajiye hantsakin, ta goge tafin hannunta a jikin zani, ta gyara zaman gilashin ƙara girman da ta maƙala a idon dama. Shekara talatin tana zura zare a allura ba ta taɓa neman taimakon kowa ba, amma wannan ɗan abu ya nemi ya gagare ta. Ta ɗiga gam da tsinin fil a gefen ƙofar motar, ta riƙe numfashinta kamar yadda ta sha ganin maigidanta yana yi, ta ɗora madubin. Ta ƙirga ashirin a zuci kafin ta saki. Wannan karon ya zauna.

Teburin na Mai Agogo ne, mijinta, wanda ya rasu wata biyar da suka wuce. Tun daga ranar ba ta kawar da komai daga kansa ba. Ƙananan sukundirebobinsa suna jere a jikin katako daga babba zuwa ƙarami, kwalaben fenti suna cikin gwangwanin biskit, kujerarsa mai gajeriyar ƙafa ɗaya tana nan da takardar da ya naɗe ya tokare ta da ita. Keken ɗinkinta yana ɗaya gefen ɗakin, jikin taga. Haka suka yi zamansu, shi ya bai wa taga baya domin ya fi son hasken fitila, ita tana fuskantarta, kowa da aikinsa, wani lokacin su yi awa biyu ba wanda ya ce uffan.

Motar kuwa ta wasa ce, shuɗiya, jikinta na kwano, tsawonta bai wuce tafin hannu ba. Irin wadda ake ɗorawa a kan titin roba mai tsaga a tsakiya ce. A ƙarƙashinta akwai ɗan harshe da yake shiga tsagar, da gashin waya biyu da suke shan wuta daga titin, sai mutum ya riƙe abin matsawa a hannu, in ya matsa ta ruga, in ya saki ta tsaya. Mahaifinsu ne ya saya musu ita, shi da ƙaninsa Auta, tun Mai Agogo yana ɗan shekara goma sha ɗaya. Ta yi shekaru a cikin akwati tana tsatsa. Sai a shekararsa ta ƙarshe, bayan likita ya gaya masa abin da ya gaya masa, ya ciro ta ya warware ta ɗai-ɗai a kan ƙyalle. Ya sake naɗa wayar injin da hannunsa. Ya yanko sitiyari daga murfin wani tsohon agogo, ya yi fitilun gaba da gilashin agogon mata. Ita ce ta ɗinka masa kujerun da ragowar fatar wata jakarta, yana tsaye a kanta yana cewa ɗinkin ya yi girma, direban da zai zauna a kai ɗan mitsitsi ne, wannan zaren a wurinsa igiyar shanya ce. Sau huɗu ta warware kafin ya yarda.

Kwana biyu kafin ya rasu ya nuna mata akwatin da ido.

"Saura madubi da taya kawai," ya ce. "Mai Haƙori zai zuba tayar. Ki kai wa Auta."

Bai ƙara ba, ita ma ba ta tambaye shi komai ba, domin a lokacin magana wahala take ba shi.

Shekara goma sha tara rabon da 'yan'uwan biyu su yi magana. Auta direba ne. Ranar da ya ɗauko mahaifiyarsu daga asibiti a motar wani abokinsa, taya ta fashe a kan gada, motar ta daki ƙarfen gefe, tsohuwar ba ta kwana ba. Kowa ya san ba laifinsa ba ne. Amma da mutane suka cika gidan ana gaisuwa, Mai Agogo ya dube shi a gaban kowa ya ce tun yana yaro duk motar da ya taɓa sai ya lotsa ta. Auta ya tashi ya sa takalmansa ya fita. Ko ranar da aka binne Mai Agogo a bayan mutane ya tsaya, aka gama ya juya, bai shiga gidan ba.

Ta san motar da ake nufi da waccan magana. A kafaɗar motar ta hagu, saman tayar gaba, akwai wurin da ya lotsa, faɗinsa kamar farcen babban yatsa. Mijinta ya sha ba ta labarin yadda Auta ya taka ta suna yara har mahaifinsu ya zane shi.

Wata huɗu da 'yan kai ba ta iya buɗe akwatin ba. Sai makon jiya 'yar Auta ta bugo waya ta ce babanta yana asibiti, za a yi masa aiki a zuciya, kuma likitoci ba su ɓoye musu cewa aikin mai nauyi ne ba. A ranar ta buɗe. Ta tarar mijinta ya fente ko'ina ya yi sumul, sai wurin nan kaɗai ya bari. Ya zagaye shi da salatif ɗin takarda, kwanon yana tsirara, har da 'yan ƙarce-ƙarce a cikinsa. Ta ɗauka ciwo ne ya ci ƙarfinsa kafin ya kai wurin. Ta kuma ga cewa a kai wa marar lafiya wannan lotsawar daidai yake da a sake faɗa masa waccan maganar. Ba ta ma tsaya ta dube shi sosai ba. Ta karɓo farin garin da Mai Haƙori, aminin mijinta mai yin haƙoran roba, yake kwaɓawa, ta cike ramin, ta goge shi da samfefa mai laushi, ta bi shi da fenti sau uku, kullum sau ɗaya. A sana'arta ba a mayar wa mutum riga da huji.

Gobe da safe za a shiga da Auta. Yau kaɗai ta rage mata, kuma daga ƙarfe huɗu zuwa biyar ake barin masu dubiya su shiga.

Ta naɗe motar a cikin ƙyallen, ta sa ta a kwalin takalmi, ta cusa guntayen yadi a gefe da gefe don kada ta motsa. Har ta kai ƙofa ta dawo ta kashe fitilar teburin. Shi ma kullum sai ya manta da ita.

Wurin aikin Mai Haƙori yana saman wani kantin magani, sai an hau matakala mai duhu. Ba ya cire haƙori, yin su yake yi. Likitoci su aiko masa da ma'aunin bakin mutum, shi kuma ya zuba. Kantarsa cike take da fararen bakuna ba fuska, kowanne da 'yar takarda a ɗaure, duk suna yi wa mai shigowa murmushi. Tun tana amarya ba ta son ɗakin nan. Shi da mijinta kuwa tun samartaka suke tare.

"Uwargida, da kanki kika hawo? Da kin aiko ai da na sauko."

"Wa zan aika, kujera?"

Ya yi dariya ya kawar da wani baki daga kan benci ya ce ta zauna, wannan ba ya cizo, mai shi bai zo ya karɓa ba tukuna. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko wata 'yar kwalbar magani, ya juye a tafin hannunsa. Tayoyi huɗu ne baƙaƙe, kowacce kamar zoben jariri, da zanen taya a jikinsu wanda ya yanka da reza layi-layi. Ya ce tun marigayi yana da rai ya gama su. Sau biyu ya sa su a aljihu ya nufi gidan, ya kai bakin layinsu ya juyo. Ita ma akwai hanyoyin da ta daina bi.

Ya sa tabarau ya shiga sa tayoyin, yana ɗumama kowacce da hucin bakinsa kafin ya ja ta ta hau. Da ya gama sai ya ɗaga motar ya nufi taga da ita, yana juya ta a hankali. Ya yaba madubin, ya ce ya ɗan karkace amma ai ba a taɓa ganin motar haya da madubi a miƙe ba. Sannan ya kai babban yatsansa kan kafaɗar hagu ya shafa, ya sake shafawa.

"Wallahi ko ni da na ba ki garin ba zan iya nuna wurin ba. Ni da ke ai sana'armu ɗaya, duk inda muka ga rami sai mun toshe."

Ya ce marigayi ne dai ba a gane kansa. Shekara da shekaru suna gardama a kan wannan. A kawo masa agogo duk jikinsa a ƙarce, ya gyara cikin tsaf, ya mayar wa mai shi da tabonsa, wai ba a ce masa ya taɓa ba. Shi kuwa Mai Haƙori ya ga in mutum ya kawo maka abu, ka mayar masa da shi ya fi yadda ya zo kyau, shi ne aiki. Maganar ta ɗan tsaya mata a rai, amma ba ta bi ta kanta ba. Ta ce masa lokaci yana tafiya, a gwada a gani ko tana gudu.

Titin yana ɗakin baya, a shimfiɗe kan wata tsohuwar ƙofa da aka ɗora bisa duro biyu. A nan su huɗu, har da mijinta, suke haɗuwa duk ranar Asabar da yamma, tsofaffi da furfurarsu, suna tsere suna zagin juna. Ba ta taɓa shigowa ba sai yau. Ta ga kujeru huɗu a jere, ɗaya an kife ta a kan 'yar'uwarta. Mai Haƙori ya goge siraran ƙarafan titin da tsumma, ya baje gashin wayar da farce, ya zura harshen motar a tsagar, ya kunna wuta. Da ya matsa, motar ta yi ƙugi, ta yi tsalle ɗaya ta tsaya. Ya ɗan tura ta da yatsa. Sai ta tafi, da wani siririn kuka irin na sauro, ta sha kwana, ta miƙe, fitilun gilashin agogon suna walƙiya duk lokacin da ta zo saitin taga.

Ya miƙo mata abin matsawar. Ta ce ita ba ta iya ba. Ya ce ai kamar taka keken ɗinki ne, ba a danne shi gaba ɗaya, lallaɓa shi ake yi. Ta karɓa. Robar ta sha hannu har ta yi santsi a daidai inda yatsa yake zama. Ta matsa kaɗan, motar ta taka a hankali kamar mai tsoron ƙasa, ta ƙara, ta saki a kwana yadda take saki in ta zo wuyan riga. Sau uku ta zagaya ba ta fita daga tsagar ba.

"Kin fi shi," Mai Haƙori ya ce. "Mutum yana gyara wa duniya lokaci, amma ba shi da haƙurin kwana. Kullum a wancan lungun muke tsinto masa mota."

Ya juya ya tafi famfo yana wanke hannun da ba abin da ya taɓa shi. Ta bar shi ya gama. Da ya ce zai raka ta asibitin, ta ce a'a, saƙon ita aka bai wa.

A cikin bas ta samu wuri jikin taga, ta ɗora kwalin a cinya ta dafe shi da hannu biyu. Matar da ke kusa da ita ta yi ta kallon kwalin, can ta tambaya ko 'yan tsaki ne a ciki, ta ga ba a huda musu wurin shan iska ba. Ta ce mota ce. Matar ta dube ta, ta gyara zama, ba ta sake magana ba har ta sauka. Bas ɗin ya bi ta gaban rumfar da Mai Agogo ya yi shekara ashirin da shida a cikinta. Yanzu rigunan waya ake sayarwa a wurin, amma ƙusar da yake rataye babban agogon bango tana nan, an rataya leda a jiki. Ta mayar da idonta kan kwalin.

Tana tafe tana shirya abin da za ta ce. Ta shirya ta rushe, ta sake shiryawa. Daga ƙarshe ta ga ba sai ta ce komai ba, motar za ta yi magana. Duk wanda ya ga irin aikin da aka zuba a jikinta ya san ba don wasa aka yi ba.

'Yar Auta ta tare ta a bakin ɗakin marasa lafiya, ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce Baba ya san da zuwanta, bai ce ta zo ba, bai kuma ce kada ta zo ba. Ta nuna mata gado na ƙarshe jikin bango, ita ta tsaya a waje.

Ya rame. Da can shi ne mai jiki a gidansu, Mai Agogo yana tsokanarsa wai shi ya shanye nonon da aka rage. Yanzu wuyansa ya fito, an manna masa wayoyi a ƙirji, robar ruwa tana shiga bayan hannunsa. Hannun ne ya sa ta tsaya. Yatsun iri ɗaya ne da na mijinta, har lanƙwasar ƙaramin.

"Matar Yaya," ya ce.

"Direba."

Haka suke kiran juna tun tana sabuwar zuwa gidan, lokacin da yake shigowa kicin ya buɗe mata tukunya ya ce ya zo duba ko Yaya ya yi asara. Ta ja kujera ta zauna. Suka gaisa, ta tambayi jiki, ya ce da sauƙi, irin sauƙin da ake faɗa. Ya tambayi yara da jikoki ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda aka haifa bayan ya daina zuwa, ashe duk ya san su. Sannan ya dubi silin.

"Ya ƙarin haƙuri?"

"Sai yau?" ta ce.

"Sai yau," ya ce.

Ta ɗora masa kwalin a kan bargo ta ce saƙo ne, an ce ta kawo, ta yi jinkiri, laifin jinkirin nata ne. Ya cire murfin, ya zare guntayen yadin ɗaya-ɗaya, ya warware ƙyallen. Ya daɗe bai taɓa ta ba. Da ya ɗauka, da hannu biyu ya ɗauka, duk da robar da ke jan ɗayan. Ya leƙa ciki ya ga kujerun, ya ga sitiyarin, ya juya tayar baya da yatsa ya kai kunne yana jin injin. Bakinsa ya fara motsi kamar zai yi murmushi. Sai babban yatsansa ya tafi da kansa kan kafaɗar hagu, bai ko duba ba. Ya shafa. Ya ɗaga ta saitin fitila ya sake shafawa.

"Wannan ba tamu ba ce."

Ta ce tasu ce, a gabanta aka ciro ta daga akwatin, a gabanta aka warware ta.

"To Yaya ya shafe wurin ke nan."

Ya mayar da ita cikin kwalin, a hankali, ba da fushi ba, ya ja ƙyallen ya rufe ta. Ya ce Yaya ke nan, bai canza ba har ya koma ga Allah. In ya yi abu sai ya goge wurin ya ci gaba da tafiya kamar ba a yi ba. Ga shi ya aiko da abu mai kyau don a rufe magana ba tare da ya buɗe baki ba. Ya ce ya gode da wahalar da ta sha, ta mayar ta bai wa jikokinta, su ba su san komai a kanta ba, za su ji daɗinta.

Ta dubi kwalin. Tana iya ɗauka ta tafi, ba wanda zai taɓa sani sai Mai Haƙori.

"Ba shi ya shafe ba. Ni ce."

Ta gaya masa yadda ta tarar da wurin, da yadda ta karɓo garin, da fentin kwana uku. Ta ce ta yi ne don kada ya buɗe ya ci karo da ɓarnar da ya yi yana yaro, a ce har daga kabari ana yi masa gori.

Auta ya fara dariya, dariyar ta koma tari, har na'urar da ke gefensa ta canza kuka. Ta miƙa masa ruwa ya ture.

"Ɓarnar da na yi? Haka ya gaya miki?"

Ya ce shi yana ɗan shekara bakwai a lokacin. An hana su ciro motar in babansu ba ya nan. Ranar Yaya ne ya ciro, suna cikin wasa suka ji muryar tsohon a ƙofa, Yaya ya zabura zai tattara titin, ya taka ta da takalmin makaranta. Da aka tambaya wa ya yi, Yaya ya sunkuyar da kai ya yi shiru, shi kuma ƙarami ne, kuma a hannunsa aka ga motar. Ya sha dukan. Bayan an gama Yaya ya kawo masa alewa ya ce ya yi haƙuri, gobe zai faɗi gaskiya. Goben ba ta zo ba. Da suka girma sai ya ji Yaya yana ba da labarin a cikin mutane ana dariya, shi ma yana taya su, har ya kai bai san ko Yayan ya manta ba ne da gaske.

"Ranar rasuwar Inna, da cewa ya yi ni na kashe ta, da na haƙura, zafin rai ne, ni ma haka nake gaya wa kaina. Amma ya rasa abin da zai jefe ni da shi sai abin da ni da shi muka san ƙarya ne."

Mutumin da ta zauna da shi shekara talatin da ɗaya, wanda in ya canza wa agogo ƙarfe sai ya naɗe tsohon a takarda ya mayar wa mai shi, shi ne ya zaunar da ita ya ba ta wannan labarin ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, tana dariya. Ta ji haushinsa ya taso mata, irin wanda ba ta ji ba tun da ya kwanta ciwo, ga shi babu inda za ta same shi ta faɗa masa.

Mai gadon kusa ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Wata ma'aikaciya ta wuce tana tura keken magani. Auta ya sa hannu ya ɗan ɗaga ƙyallen, ya sake saki.

"Kika ce ya zagaye wurin da salatif?"

Ta ce e, tsaf, kusurwa huɗu, yadda yake yi in ba ya son fenti ya taɓa wuri. Kwanon a goge yake, babu tsatsa, sai 'yan ƙarce a tsakiya.

"Wane irin ƙarce? Ni na san wurin nan kamar tafin hannuna. Lotsawa ce kawai, babu ƙarce."

Nan take ta tuna. Masu gyaran agogo suna da wani abu da suke yi. Duk agogon da mutum ya buɗe ya yi aiki a cikinsa, kafin ya rufe sai ya ja 'yar alamarsa da tsinin ƙarfe a cikin murfin baya, inda mai agogon ba zai gani ba, don duk wanda ya buɗe bayansa ya san hannun wa ya taɓa wurin. In aikin ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci ma nasa ne. Ta mijinta layi biyu ne a tsaye da ɗaya a gicciye. Ta gan shi yana ja ba adadi. Ta faɗa wa Auta haka.

Ya daɗe yana kallonta.

"Kin gani da idonki, ko so kike ki sanyaya mini rai saboda gobe?"

"Ban sani ba. Ƙarce na gani. Ban sa gilashi ba, ba na son kallon wurin, sauri nake in rufe shi. Yana iya zama ita ce, yana iya zama samfefarsa ce ta ci wurin. Ba zan ce maka na ga abin da ban tabbatar ba."

"Ke dai ba ki iya lallashi ba, Matar Yaya."

"Ban iya ba."

Agogon bangon ɗakin ya nuna biyar saura kwata. Ta buɗe jakarta ta zaro allura daga jikin ɗan ƙyallen da take soke su, ta ciro motar daga kwalin ta ɗora a gwiwarta. Ta san wurin, ko da ido a rufe. Ta ɗora tsinin allurar a kan fentin. Shuɗin ya kwanta lumui, ba a gane inda nasa ya ƙare nata ya fara, kuma ta san in garin ya ɓalle ba zai tsaya a iyakarsa ba, zai ɗauko har da wanda mijinta ya shafa da hannunsa a kwanakin da yake iya zama minti goma kawai kafin ya koma ya kwanta. Ta danna kaɗan. Allurar ta zame ta bar ɗan farin layi. Ta sake ɗorawa, allurar ta sake zamewa.

Ma'aikaciyar ta leƙo ta ce masu dubiya su fara haramar tafiya, wannan bawan Allah kuma yana bukatar hutu, da sassafe za a zo ɗaukarsa.

Auta ya miƙo hannu.

"Ba ni nan. Shekara hamsin ana cewa ni na ɓata motar nan. Bari yau dai in ɓata ta da gaske."

Ta ba shi motar, ta ba shi allurar. Ya ce ta ɗauko masa tabaransa a kan durowa, ta ɗauko ta sa masa, ta gyara masa matashin ya tashi zaune sosai. Ta yi masa addu'ar Allah ya sa a yi aikin a sa'a, ya amsa bai ɗago ba. Ta ɗauki jakarta, ta bar kwalin a ƙarshen gadon.

A bakin ƙofa 'yarsa ta tambaye ta ko sun daidaita. Ta ce ba ta sani ba tukuna. Ta waiwaya. Ya sunkuya a kan motar, ya kawo ta dab da fuskarsa, ɓarɓashin shuɗi da fari yana zuba a kan zanin gadon. Bai fara daga tsakiya ba. Daga can gefe ya fara, yana ɗaga garin kaɗan-kaɗan, don kada tsinin allurar ya taɓa abin da ke ƙasa.